Ƙarfen da ya faɗo daga sama ma yana tsatsa

A shekarar 1925 Howard Carter ya kwance gawar Fir'auna Tutankhamun, ya tarar da wata wuƙa mai kuben zinariya a kan cinyarsa. Binciken da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da cewa ruwan wuƙar ƙarfe ne da ya faɗo daga sama, domin nikel ɗin da ke cikinsa ya kai kusan kashi 11 cikin ɗari. Ashe ado da wannan ƙarfe ba yau aka fara ba.

Yanzu ya sake shiga yayi. Kamfanin Rolex yana sa shi a fuskar wasu agogunansa, maƙeran Turai da Amurka kuma suna dasa shi a zoben aure. Abin da ke ɗaukar ido shi ne zanen jikinsa, layuka suna gicciye da juna kamar saƙar tabarma. Ba ya fitowa sai an yanka ƙarfen, an goge, an shafa masa asid. Ya samu ne saboda ƙarfen ya shafe miliyoyin shekaru yana hucewa sannu a hankali a sararin samaniya, kuma babu maƙerar da ke da wannan haƙuri.

Sunaye biyu suka fi yawo a kasuwa. Akwai Gibeon na Namibiya, wanda mutanen Nama suka daɗe suna ƙera makamai da shi, da Muonionalusta da aka fara tsinta a arewacin Suwidin a 1906. Namibiya ta hana fitar da nata, don haka duk wanda aka tallata wa Gibeon ya nemi takardar asalinsa.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, ko daga ina ya faɗo, ƙarfe dai ƙarfe ne. Ruwa, gumi, gishiri da sinadarin kulorin duk suna sa shi tsatsa, na Suwidin ma ya fi saurin kamawa. To, ina ga hannun da ke alwala sau biyar a rana, ga gumin bazara? Ga kuma nikel, wanda ke sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. In yatsa ya yi ƙiba, buɗa irin wannan zobe ba ƙaramin aiki ba ne, galibi ma ba ya yiwuwa.

Wanda ya riga ya saya sai ya ɗaura ɗamarar kula da shi. A cire kafin wanka, wanki ko alwala. In ya jiƙe a tsane shi nan take. Idan jan tabo ya fito, a wanke da sifirit da burushi mai laushi, a bari ya bushe sarai, sannan a shafa ɗigon man keken ɗinki. Ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi yana da amfani a wurin ajiya. Banda gurza da ƙarfi, don zanen yana shafewa, sai an koma wa maƙeri ya sake tayar da shi da asid.

Mai sha'awa ya saye shi a abin wuya da aka zagaye da azurfa, ko a agogo inda gilashi ya rufe shi. Zoben da za a sa kullum kuwa, azurfa ta fi shi.