Rumfar Kanti Da Haƙƙin Masu Wucewa

Ya ku 'yan'uwa masu kantuna da shaguna, maganata a yau a kan rumfar nan ce da kuke kafawa bisa ƙofa da taga domin tsare kaya daga rana da ruwa. Da yawa daga cikinku ba su tunawa da ita sai ran da iska ta yaye ta. Alhali kuwa rumfa a kan hanyar jama'a take, in ta faɗi a kan jama'a za ta faɗi.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan mas'ala ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halil an halatta wa mutum ya miƙo gini ta sama bisa hanya mai ɓullewa, masu sharhi kuma suka sa sharaɗin ya ɗaga shi yadda mahayi zai wuce bai sunkuya ba. A wani babi an hukunta cewa wanda bangonsa ya karkata, aka gargaɗe shi, ya sami halin gyarawa ya ƙi, har bangon ya faɗa wa wani, to, ramuwa tana wuyansa. Ni dai ban ga abin da ya raba karkataccen bango da kwanon da ke lilo a kan ƙusa ɗaya ba.

Lokacin gyara shi ne bazara, tun hadarin farko bai taso ba. A ƙasar Kano ruwa yakan soma sauka wajen watan Mayu ko Yuni, kuma iskar da ke gabansa ita ce mai ɓarna, domin takan shiga ƙarƙashin rumfa ta ɗaga ta. Saboda haka a tona gindin kowace dirka a duba, gama gara daga ƙasa take ci, ta bar itace da kyawun gani cikinsa kuwa fanko. Wadda ta ciwu a sake ta, sabuwar kuma a shafe gindinta da baƙin mai ko kwalta kafin a binne. Mai hali ya nemi azara, gara ba ta cinta da sauƙi. A bi kwano ƙusa ƙusa, inda tsatsa ta faɗaɗa huda a sake bugawa. Mai zana ya sake tanka da sabuwar igiya, domin rana ta riga ta cinye ta bara. Kada a ce dutse ko tsohuwar taya da aka aza a sama sun isa. In iska ta yi ƙarfi su ma makami ne.

Da damina, tamfol yana son gangare. In ya yi ciki ruwa ya kwanta, nauyi zai yage shi, sauro kuma ya sami gidan haihuwa. Kada a naɗe asabari ko tamfol da danshi, funfuna za ta ɓata su, balle a watan Agusta lokacin marka. Bakin indararo kuma a karkatar da shi daga ƙofar maƙwabci.

Hunturu kuwa, ƙurarsa kakkaɓewa ce maganinta, abin tsoro shi ne wuta. Zana da leda sun bushe ƙayau, ga mai shayi da mai jin ɗumi a gindinsu, ga wayar lantarki an rataye ta a jikin dirka. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar 2016 ya san yadda wuta ke tsallakawa daga shago zuwa shago. Shehu Halil kuma ya ɗora ramuwa a kan mai hura wuta ran da iska ke kaɗawa da ƙarfi.

Ina roƙon sarakunan kasuwa su riƙa zagayawa a watan Afrilu, suna yi wa mai ruɓaɓɓiyar rumfa gargaɗi a gaban shaidu biyu, su yanka masa kwanakin gyara.