Fitilar hanci: kafin ka tura kuɗinka

Mai karatu, in kana cikin masu tashi da asuba da atishawa goma a jere, hanci na yoyo, ido na ƙaiƙayi, wataƙila ka ci karo da tallar wata 'yar na'ura a Facebook: tsinke biyu masu jan haske, a zura a hanci na 'yan mintoci, wai mura ta tafi ke nan.

Irin wannan mura ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Jiki ne ke ɗaukar ƙura, gashin kyanwa ko ƙwarin katifa da ido ba ya gani a matsayin abokan gaba, sai ya saki sinadarin histamin, cikin hanci ya kumbura.

Maganin haske ba ƙarya ba ne. Likitocin Jami'ar Seged a ƙasar Hungari sun ƙera na'urar Rhinolight, wadda kashi 70 na haskenta irin wanda ido ke gani ne, sauran kashi 30 kuma hasken UV, mai rage ƙwayoyin da ke tayar da kumburin. A binciken da suka fitar a 2005, an haska wa marasa lafiya sau uku a mako har mako uku, atishawa da yoyo da ƙaiƙayi suka ragu. Amma fa a asibiti ake yi, likita ke auna lokacin.

Ta Facebook kuwa jan haske ne zalla, babu UV, kuma hujjar da ke bayanta ba ta da ƙarfi. Suna ɗaya, kaya daban.

Ita ma ta asibitin tana busar da hanci, har ya yi ɓawo, wani lokaci da haɓo. Ka tuna yadda hancinka ke zama da hunturu, ko a Legas kake, balle Abuja.

Ni dai in ɗana ne, da ruwan gishiri na wanke hanci zan fara, sai feshin da likita ya rubuta, irin su fluticasone, da ƙwayar cetirizine ko loratadine. Feshin yakan ɗauki kwanaki kafin ya kama, shi ya sa da yawa ke yar da shi a rana ta uku su ce bai yi ba. A karkata bakinsa wajen kunne, kada ya fuskanci ƙashin tsakiyar hanci.

In murar na zuwa da tari cikin dare ko numfashi na fito, a kai yaro a duba shi, don sau da yawa tare suke tafiya da asma.