Zauren Kimiyya: Tagwaye Masu Hali Daban

Yau za mu tsaya kan tambayar da ke iya cinye maki a jarrabawar WAEC ko NECO: yadda ake bambanta aldihaid da kiton.

A ce an ajiye maka kwalabe biyu babu lakabi, ruwan cikinsu garai-garai. Ɗaya furofanal ne, ɗaya furofanon, wato asiton ɗin da ake goge jan farce da shi. Dukansu C3H6O ne: kabon uku, haidurojin shida, oksijin ɗaya. Irin waɗannan ake kira aisoma, kayan gini ɗaya amma tsarin ginin daban.

Bambancin yana wurin zaman rukunin kabonil, wato C=O. A furofanal, CH3CH2CHO, yana bakin sarƙa, kuma kabon ɗinsa na riƙe da haidurojin. A furofanon, CH3COCH3, yana tsakiya, kabon biyu sun sa shi tsakani. Wannan haidurojin guda shi ne sirrin: saboda shi aldihaid ke saurin karɓar oksijin ya koma asid, kiton kuwa ba ya yarda cikin sauƙi.

A kan wannan aka gina gwaje-gwajen. Zuba ruwan Tollens ka ɗumama a cikin ruwan zafi: aldihaid zai lulluɓe cikin gilashin da madubin azurfa. Da ruwan Fehling kuma, shuɗin zai ɓace, wani abu ja mai launin jan bulo ya kwanta a ƙasa. Kiton ba ya sauya komai a gwajin biyu.

Ga inda tarko yake. Ruwan 2,4-DNP yana kwantar da abu mai launin lemo ga dukansu biyu. Abin da yake nunawa kawai shi ne akwai kabonil. Wanda ya rubuta shi a matsayin hanyar bambantawa ya yi asarar maki. Haka nan, kada ka tsaya kan aldihaid kaɗai. Rubuta abin da aka gani a kowace kwalba, har da “babu canji”.

Gargaɗi: ana haɗa ruwan Tollens ne lokacin da za a yi aiki, ba a ajiye shi, domin idan ya daɗe yana iya haifar da abu mai fashewa.

Aikin gida: zana kiton ɗaya da aldihaid biyu masu C4H8O. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.