Mai Jita Ya Yi Fushi, Wa Zai Yi Masa Magana?



Duk wanda ya taɓa zama a koyon waƙa na ranar Asabar ya san wannan labari. An ce ƙarfe huɗu. Mawaƙa sun taru, mai ganga ya zauna, an tayar da janareta, mai yana ta ƙonewa, amma mai jita bai iso ba sai biyar da rabi. Da ya shigo bai ba kowa haƙuri ba. Ya jona jitarsa, ya murɗa ƙarar amfilifaya, ya shiga daidaita wayoyi ana cikin addu'ar buɗewa. Ranar Lahadi kuma iyayenmu na zumuntar mata da ke zaune a gaba suna ta yamutsa fuska, domin ƙarar ta danne kalmomin waƙa. Wata 'yar'uwa ta ce, "Ɗan'uwa, don Allah ka ɗan rage." Sai ya tura jitar cikin jaka ya ce, "To, ku nemi wani." Tun daga ranar kowa ya ja bakinsa, domin duk ikkilisiyar shi kaɗai ya iya.

Mun sha ganin haka, mun kuma sha yin shiru. A ganinmu shirun nan laifi ne, kuma namu ne mu shugabanni kafin ya zama na kowa. Muna tsoron rasa kiɗan, saboda haka muka ƙyale mutumin yana lalacewa a gabanmu. Irin wannan hali yakan fito a wurin mai kibod, da mai ganga, da jagoran waƙa da ba ya so ya saki makirfo. Ya fi bayyana a wurin masu jita ne domin ba su da yawa, kowa kuwa ya san ana lallaɓa abin da ya yi wuya.

Kafin mu yanke hukunci, mu yi adalci. Wani lokaci yawan ƙara ba girman kai ba ne. Amfilifayar jita tana harba sautinta gaba ne kai tsaye, musamman siririn sautin. In an ajiye ta a ƙasa kusa da ƙafar mai kiɗa, gwiwarsa take bugawa, kunnensa yana sama bai ji sosai ba, sai ya ƙara, alhali mutanen da ke layin gaba sun riga sun sha wuya. Ga shi kuma sautin jita yana zama wuri ɗaya da muryar mutum, shi ya sa da an ƙara kaɗan sai kalmomi su ɓace. A ɗora amfilifayar a kan kujera, ko a jingine ta ta fuskanci kunnensa. A sa shi ya koma bayan majami'a ya saurara yayin da wani yake kaɗa jitarsa. Rigima da yawa a nan take mutuwa.

Akwai kuma alhakin da ke wuyanmu. Yaron nan da kuɗinsa yake sayen wayoyi in sun tsinke. Da kuɗinsa yake hawa mashin zuwa koyon waƙa. Yaushe rabon da wani dattijo ya tambaye shi yadda makaranta take, ko yaya rayuwarsa ta addu'a? In bai zo sujada ba, tambayarmu ita ce, "Wa zai kaɗa?" Mun ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin kayan kiɗa, shi ma sai ya koyi cewa darajarsa tana cikin yatsunsa ne kawai. Wanda aka koya wa haka, ranar da aka taɓa kiɗansa zai ji kamar ransa aka taɓa.

Littafi Mai Tsarki bai raina gwaninta ba. A 1 Tarihi 15:22 an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa domin ya ƙware. Amma mu duba sura 25. Sarki Dawuda ya keɓe 'ya'yan Asaf, da Heman, da Yedutun don hidima da garaya da molo da kuge. Horarrun mawaƙa 288 ne, aka raba su ƙungiya 24, kowace da mutum 12. Da aka zo rabon aiki, kuri'a aka jefa, babba da ƙarami, malami da ɗalibi, duk a layi ɗaya. Gwani bai zaɓi ranar da yake so ba, kowa kuma yana ƙarƙashin wani. A 2 Tarihi 5 kuma, ranar da aka shigar da akwatin alkawari cikin Haikalin Sulemanu, firistoci 120 ne suka busa ƙaho tare da mawaƙa, sautinsu ya zama ɗaya, sa'an nan ɗaukakar Ubangiji ta cika gidan. Mutum 120 sun iya haɗa sauti, mu kuwa mutum shida sun gagare mu.

To, me za mu yi? Yesu ya ba mu hanya a Matiyu 18:15-17, kuma matakin farko shi ne a je wurin ɗan'uwa a keɓe. Mu kuwa mukan tsallake wannan. Mukan yi gunaguni a bayansa, mu yi habaici a WhatsApp, ko mu jira ranar da haƙuri ya ƙare mu kunyata shi a gaban 'yan kwaya. Shugaban mawaƙa ya same shi shi kaɗai, a ranar da ba ta kiɗa ba, ya faɗi abin da ya faru dalla-dalla: "Makonni uku ke nan kana zuwa a makare, ranar Lahadi kuma ka fita ana wa'azi." Kada a ce masa, "Kai mai girman kai ne," domin wannan zagi ne, ba ya gyara kowa. A kuma saurare shi. Wataƙila aiki ne yake riƙe shi, wataƙila akwai damuwa a gida da ba mu sani ba. Manzo Bulus ya tuna mana a Galatiyawa 6:1 cewa da tawali'u ake maido da wanda ya kauce, muna lura da kanmu.

Bayan haka a kafa ƙa'ida ɗaya ga kowa, a faɗe ta a fili. Wanda bai zo koyon waƙa ba, ba zai kaɗa ranar Lahadi ba, ko shi ne gwanin gari, ko ɗan Fasto ne. Masu kiɗa su zauna su ji wa'azi kamar kowa. A kuma ba gwanin nan yara biyu ya koya musu. Koyarwa tana horar da zuciya, gama wanda ya zauna da yaro yana fama da yatsunsa zai tuna cewa shi ma wani ne ya yi haƙuri da shi. Ikkilisiya kuma ta huta da dogara ga mutum ɗaya.

Wani zai ce, "Fasto, in ya yi fushi ya koma wata ikkilisiya fa?" Yana iya tafiya, zai kuma yi mana zafi. Amma iyayenmu sun yi shekaru suna yabon Allah da Littafin Waƙoƙi da tafi da ganga, Ubangiji kuwa ya karɓa. Lahadi biyu ko uku ba jita ba za su rushe ikkilisiya ba. Abin da ya fi tsada shi ne matashin da ya yi shekara goma a gaban bagade, ba wanda ya ƙaunace shi har ya gaya masa gaskiya. In ya tafi, mu bi shi da gaisuwa da addu'a, mu bar masa ƙofa a buɗe. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, a baki ɗaya kuma suke kwana.

Kai kuma ɗan'uwa mai jita, muna ƙaunarka, muna gode wa Allah saboda baiwarka. Wannan Lahadin ka zo da wuri, ka daidaita wayoyinka kafin a fara addu'a, ka rage ƙara har sai ka ji muryar tsohuwar nan da ke layin baya.

Ubangiji, ka ba shugabanni ƙarfin halin faɗin gaskiya cikin ƙauna, ka ba masu kiɗa zuciyar saurare. A cikin sunan Yesu. Amin.