Waƙoƙin rabuwa na mazan Japan: Namiji ma yana iya shan kaye ba tare da zagi ba

Ana yi wa mazan Japan kallon masu ɓoye abin da ke ransu, waɗanda ko ciki na ci da wuta ba za a gani a fuska ba. Amma duk wanda ya bi waƙoƙin da suka fi tashe a ƙasar cikin shekara 50 da suka wuce zai tarar da maza birjik suna kukan rabuwa da masoyiya. A ganina waɗannan waƙoƙi sun cancanci a saurare su da kunnen basira, domin mafi yawansu suna nuna abin da ke yi wa maza wuya a ko'ina: yadda za a ce maka an daina yi da kai, ka tafi ba ka ci mutuncin kowa ba.

Mu fara da Sawada Kenji. A 1977 ya fitar da Katte ni Shiyagare, wadda ta lashe babbar lambar yabo ta waƙoƙin Japan a shekarar. Ma'anar sunan ita ce “yi yadda kika ga dama”. Mutumin cikin waƙar yana kwance ya juya wa ɗaki baya, yana barcin ƙarya, ita kuma tana haɗa kayanta. Girman kai ya hana shi roƙo, amma bai tare ƙofa ba.

Bayan shekara 15, a 1992, Makihara Noriyuki ya zo da Mou Koi Nante Shinai, wadda aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Nan girman kan ya faɗi. Saurayin ya wayi gari shi kaɗai, ya ɗora ruwa a wuta, sai ya gane ko inda ake ajiye ganyen shayi bai sani ba. Bai ce ta ci amanarsa ba. Gane wa ya yi cewa ɗawainiyar da take yi ce ba ya gani. Sunan waƙar na nufin ba zai ƙara soyayya ba, amma a cikinta sai ya ƙi yin wannan rantsuwar.

A 2019 ƙungiyar Official Hige Dandism, wadda Fujihara Satoshi ke rera wa waƙa, ta saki Pretender. Saurayin cikinta ya san son maso wani ƙoshin wahala ne, ya yarda ba shi ne rabonta ba, ya yi sallama yana yaba ta.

Me ya sa wannan ya wuce zancen nishaɗi? Domin a Japan, kamar sauran ƙasashe, ƙin karɓar rabuwa yana cin rai. A watan Oktoban 1999 aka kashe wata ɗalibar jami'a mai shekara 21 a gaban tashar jirgin ƙasa ta Okegawa da ke jihar Saitama, bayan tsohon saurayinta da mutanensa sun shafe watanni suna bibiyarta da barazana, 'yan sanda kuma suka yi sakaci da ƙorafinta. Wannan kisa ne ya sa aka kafa dokar hana bibiyar mutane a 2000. Waƙa ba ta hana laifi, doka ce ke wannan aikin. Sai dai matashin da aka yi wa korar kare yana neman wanda zai nuna masa yadda ake yi, kuma sau da yawa mawaƙi ne na farkon da yake samu. Idan ya shiga ɗakin karaoke ya kwarara baƙin cikinsa da kalmomin Makihara, ya fito da sauƙi a zuciya, an ci riba.

Duk da haka ba zan wanke su tas ba. Akwai daɗaɗɗiyar al'ada a Japan ta namiji ya rera waƙa da bakin mace. A salon enka, Onna no Michi ta Miya Shiro da Pinkara Trio, wadda ta fito a 1972, ta sayu miliyoyi, kuma mace ce a ciki take kukan namijin da ya yar da ita bayan ta ba shi komai. Al'adar ba ta mutu ba. Happy End ta ƙungiyar back number a 2016 da bakin mace take, tana nuna ba komai alhali har yanzu tana son sa. Haka Dry Flower ta Yuuri, wadda ta fito a 2020 ta kuma zo ta ɗaya a jadawalin Billboard na Japan na shekarar 2021 baki ɗaya. Ta biyo bayan Kakurenbo, inda saurayin ya faɗi nasa ɓangaren.

Masu kare wannan salo za su ce ƙoƙari ne na shiga takalmin mace a ji inda yake matsa ta, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a lura da abin da waɗannan mata ke yawan faɗa: har yanzu ba su manta da shi ba. Wannan ai shi ne abin da kowane namiji da aka bari yake mafarkin ji. Idan mai riƙe da alƙalami namiji ne, sai a yi hattara kada ya sa wa mace a baki abin da zai kwantar masa da hankali shi kaɗai. Macen da ta tafi, ta ji sakayau, ba ta waiwayo ba, ba a cika jin ta a irin waɗannan waƙoƙi ba.

Saboda haka ma'aunina ɗaya ne. Waƙar rabuwa mai kyau ita ce wadda ta bar wa namiji ciwonsa, ta bar wa mace hukuncin da ta yanke. One more time, One more chance ta Yamazaki Masayoshi, ta 1997, tana kan wannan siraɗi: mutumin yana neman fuskarta a tasha da lungunan gari, amma ya san ba ta nan, kuma bai je ƙofar gidan kowa ba. Kewa halal ce, tilastawa ce ta'asa. Mawaƙan Japan da suka gane bambancin nan su ne suka cancanci a ci gaba da jin su, ko da mutum bai san kalma ɗaya ta Japananci ba sai da fassara.