Kasuwa A Matsayin Kotu Cikin Labarin "La Ficelle"

Manazarta da dama kan ɗauki wurin da labari ya auku tamkar shimfiɗa kawai, su duƙufa ga jigo da taurari. Wannan kuwa kuskure ne, kuma labarin "La Ficelle", wato guntun igiya, wanda Guy de Maupassant na Faransa ya wallafa a 1883, ya isa hujja.

Wani tsohon manomi, Hauchecorne, ya tsinci guntun igiya ranar kasuwar Goderville a lardin Normandi. Da ya ga abokin gabarsa, baduku Malandain, yana kallonsa, kunya ta sa ya ɓoye ta. A ranar aka yi shelar ɓacewar jakar kuɗi mai faran 500, badukun kuwa ya ce a idonsa aka tsince ta. An caje tsoho gaban magajin gari, ba a sami kome ba. Kashegari wani ɗan ƙwadago ya mayar da jakar.

Da a ce ofishin magajin gari shi ne kotun labarin, da magana ta ƙare nan. Amma tun farko marubucin ya daɗe yana siffanta kasuwar: cunkoson mutane da shanu, da yadda mai saye kan je ya komo don tsoron a cuce shi. A wurin da kowa ya tabbata ɗan'uwansa na ɓoye wani abu, wa zai yarda dattijo ya sunkuya don igiya kurum? Saboda haka da ya koma kasuwa mako na gaba, a gidan abincin Jourdain aka yanke masa hukunci cikin dariya: wai shi ya tsinta, ya ba wani ya mayar.

Wani zai ce ƙaryar Malandain ce ta hallaka tsohon. Ai dawowar jakar ta rushe wannan shaida; abin da ya wanzu shi ne zaton jama'a, kuma kasuwa ce ta haife shi. Kotun hukuma tana da ranar rufe shari'a, kasuwa kuwa kowane mako take ci. Haka tsohon ya yi ta rantsuwa har ya kwanta a ƙarshen Disamba, ya rasu a farkon Janairu.

Don haka ya kamata ɗalibin adabi, kafin ya tambayi wa ya yi hukunci cikin labari, ya fara duba inda aka yi shi. Hausawa dai sun ce zato zunubi.