Kafin ka zuba kuɗinka a wankin hoton filatinam, karanta wannan

Bidiyoyin wankin hoto da filatinam da faladiyam sun cika YouTube da Instagram, kuma kusan duk wanda ka kalla, abin da zai fara nuna maka shi ne ƙaton akwatin hasken UV mai shegen tsada. Ni dai ina ganin wannan ɓatar da mai koyo ne. Akwatin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka saya, in ma za ka saya.

Ga wanda bai sani ba, wannan hanya ce da wani Bature, William Willis, ya yi wa rajista a Ingila a 1873. Ana gauraya ruwan ferik okzalet da gishirin filatinam ko faladiyam, a shafa a takarda, a ɗora nagatif mai girman hoton da ake so, a haska da UV. Ƙarfen kansa ne ke zama a cikin zaren takardar, shi ya sa hoton ba ya koɗewa muddin takardar na nan. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya filatinam ya yi tsada, aka koma faladiyam. Mu masu gyaran waya mun san yadda hotunan shekaru ke tafiya rana ɗaya in memori ya mutu, don haka ban raina mai son hoto a takarda ba. Amma a bi abin da tsari.

Wallahi ruwan wanki ya fi akwati tasiri a kan hotonka. Fotasiyam okzalet yana ba da launi mai ɗumi, ruwan ƙasa-ƙasa, musamman da faladiyam. Amoniyam sitiret kuwa ya fi karkata zuwa baƙi da toka. In ka ɗumama ruwan, launin zai ƙara ɗumi. Masu cewa okzalet ne kaɗai "na asali" ba su gaya maka cewa guba ne, dole safar hannu da wuri mai iska. Mai koyo da ke aiki a gida, ga yara suna kai-komo, ya fara da sitiret. Kuma kada ka zubar bayan wanki ɗaya. Ana tacewa, a mayar kwalba, a riƙa ƙara sabo a kai. Wajen zubawa, ka kwara shi gaba ɗaya cikin sauri, don hoton yana fitowa nan take ne, in ka yi sanyin jiki layi zai fito.

Sai takarda. Dole ta zama auduga zalla wadda ba a sa mata alli ba, domin allin yana ɓata sinadarin. Arches Platine da Hahnemühle Platinum Rag don wannan aiki aka yi su. Ka sayi akwatin miliyan ka shafa faladiyam a takardar zane ta kasuwa, asara ce kawai. Buroshi ma a nemi wanda ba ƙarfe a wuyansa, ko a shafa da sandar gilashi. Faranti na roba, ban da na ƙarfe.

Abin da masu tallan akwati suka fi tsallakewa shi ne wanke ragowar sinadari. Bayan hoto ya fito, ana bi da shi ta faranti uku na EDTA ko sitirik asid, kamar minti biyar-biyar, sannan a ɗauraye sosai. In ka yi ganganci a nan, farin takardar zai koma rawaya daga baya, dawwamar da ka biya kuɗi dominta ta tashi a banza.

To haske fa? Rana tana ba da UV kyauta, da ita Willis da mutanen zamaninsa suka yi aiki, mu kuma ba mu rasa ta ba. Gaskiya ne akwati yana da amfani ɗaya: haskensa ba ya canzawa, na rana kuwa na safe daban, na azahar daban, ga hazo. Mai sayar da hoto da yawa yana buƙatar wannan. Kai mai koyo, yanki ƙyallen takarda ka gwada lokaci, ka riƙa aiki a sa'a ɗaya kullum, ka rubuta sakamako. Kuma kada ka ce za ka yi da 'yar fitilar UV da muke busar da gam ɗin sikirin, ba za ta haska takarda daidai wa daida ba. Abin da ya fi haske ba mu wahala a nan shi ne hunturu: in iska ta bushe ƙayau, baƙin hoton ba ya kamawa, sai ka ɗan ba takardar danshi kafin ka haska.

Hoton wayarka ma zai yi. Ka mayar da shi baƙi da fari, ka juya shi nagatif, a buga da firinta mai tawada a leda irin ta Pictorico, ka danne shi da gilashi a kan takardar.

Shawarata, kada ka taɓa faladiyam sai ka ƙware a sayanotaif, wato shuɗin hoton da John Herschel ya ƙirƙiro a 1842. Shafawa ɗaya, haskawa ɗaya, da ruwa kawai ake wanke shi, kuma da arha. In hannunka ya faɗa, sai ka sayi faladiyam kaɗan, da takarda mai kyau, da sitiret. Ferik okzalet kuma kada ka tara, 'yan watanni yake yi ya lalace.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, za mu amsa in sha Allahu.